Darasi na 12: Renon Kwikwiyo Daga Ranar da Ya Shigo Gida

Manufar darasi

Bayan wannan darasi, mai koyo zai iya:

1. faɗin lokacin da ya dace a raba kwikwiyo da uwarsa;
2. shirya masa makwanci, abinci da ruwan sha;
3. horar da shi ya zauna lafiya da bisashe, kaji da yara;
4. sanin lokacin maganin tsutsa da na allura, da abin da ake yi idan kare ya ciji mutum.

1. Don me muke kiwon kare?

A karkarar Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, gona da makiyaya maƙwabtan juna ne. Manomi yana da awaki a turke, Bafulatani da Buzu suna da garke a daji, kuma dukansu sun san amfanin kare. Motsin da mai gida bai ji ba cikin dare, kare ya ji shi. Ko dila ce take zagayen ƴan raguna, ko ɓarawo ne ya laɓe bayan danga, haushin kare ke tada mutane. Makiyayan da ke hawa arewa da damina, wajen kwarin Tarka da Bermo da Gadabeji, da karnukansu suke tafiya. Dogon karen nan mai siririn ciki da ake gani a zangon Buzaye ya yi suna har waje. Tun shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai, inda ake kiransa Azawak, sunan yankin da ya fito tsakanin Nijar da Mali.

Addini bai bar maganar kare a duhu ba. Hadisan Bukhari da Muslim sun yarda a riƙe kare don tsaron dabbobi, tsaron gona ko farauta, kuma haka Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta kawo. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma idan ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Akwai kuma labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ke nan wanda ya ɗauko kwikwiyo ya ɗauko haƙƙi: ci da sha, inuwa, magani da horo.

Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Karen da zai tsare maka garke shekara da shekaru, da wanda zai zama mai cin ƙwai da cizon yaran maƙwabta, duk daga ciki ɗaya suke fitowa. Abin da ya bambanta su shi ne yadda aka riƙe su a wata huɗu na farko.

2. Zaɓe da lokacin ɗaukowa

Karya tana haihuwa bayan kwana 63 ko kusa da haka. Ƴaƴan suna zuwa ido rufe, sai tsakanin kwana 10 da 14 suke buɗewa. Dakashin da suke sha a ranar farko shi ne kariyarsu daga cututtuka har tsawon makonni. Haƙora suna fara tsirowa a mako na 3, daga nan su fara lasar kunu, amma ba su isa rabuwa da uwa ba sai sun cika mako 8, wato kusan wata biyu.

Da yawa suna ɗauke kwikwiyo tun yana mako 3 ko 4, don gudun kada wani ya riga su. Irin wannan shi ne ke kwana kuka, zawo ya kama shi, sau da yawa ya mutu. Ko ya rayu yakan tashi da saurin cizo, domin a wasa da ƴan uwansa ne kwikwiyo ke koyon sassauta haƙori: ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara, wasa ya tsaya. Idan kana tsoron a riga ka, ka roƙi mai karyar ya ɗaura wa naka ɗan tsumma a wuya, ka bar shi wajen uwarsa har lokaci ya yi.

Kafin ka zaɓi ɗa, dubi uwa. Karyar da ke bin garke, take barin kaji su yi kiwo kusa da ita, ita ce ake neman ɗanta. Sannan ka duba shi kansa:

Ido garau, babu kwantsa. Hanci babu majina.
Dasashi ja-ja. Idan ya yi fari, jininsa ya yi kaɗan.
Gashi a kwance, babu tabon ƙazuwa.
Ƙarƙashin wutsiya a bushe, babu alamar zawo.
Yana tasowa da kansa idan an yi masa motsi, ba ya rakuɓewa gefe guda.

Kada a tsinto kwikwiyo a daji ko bakin hanya wanda ba a san uwarsa ba. Ciwon haukan kare yana kama har ƙanana, kuma su ne yara suka fi ɗauka a hannu.

A ɗauko shi da safe ko da la'asar sakaliya, cikin kwando ko kwali mai huda, ko a babur ne ko a amalanke. Kada a ƙulle shi cikin buhu. A shafa wani tsohon tsumma a jikin uwar a saka masa ciki. Amfaninsa zai fito da dare.

3. Makwanci da daren farko

Aikin da kake so ya yi shi zai nuna inda zai kwana. Mai gadin gida, a yi masa wuri kusa da ƙofa ko gindin rumbu. Mai bin garke, a ajiye shi wajen ƴan awaki da ƴan tumaki tun ranar farko. Ko ina ne, ya yi nesa da randa, murhu, wurin salla da bakin rijiya.

Wurin ya kasance da inuwa har tsakar rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan wuce digiri 40, kare kuwa ba ya gumi a jiki kamar mutum, haki yake yi da harshe waje don ya sha iska. Kwikwiyon da aka ɗaure a rana zai iya mutuwa kafin azahar. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, sanyin asuba yana kayar da ƙarami, sai a kare masa iska da zana a shimfiɗa masa tsohon buhu.

Ya samu kasko biyu nasa na kansa, ɗaya na ruwa ɗaya na abinci, kuma kada a haɗa su da kwanonin gida wajen wanki. Kafin ya iso a ɗauke maganin ɓera, maganin ƙwarin gona, takin zamani da tsoffin batura, a sa su inda bakinsa ba zai kai ba.

Dare biyu ko uku na farko zai yi kuka, yana neman uwarsa da ɗumin ƴan uwansa. Ba rashin ji ba ne, kuma duka ba ya tsayar da shi, sai dai ya koya masa tsoron hannun mai shi. A ba shi abinci mai ɗumi bayan magariba, a sa masa tsumman nan mai warin uwarsa, a ƙyale shi. Kada kuma don tausayi a shigar da shi ɗaki yau, gobe a kore shi. Inda ya kwana ranar farko, nan ne wurinsa.

Idan ya zama dole a ɗaure shi, a yi da tsumma ko igiya mai laushi, yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninta da wuya. A riƙa sassautawa kowane mako, domin wuyan yana girma, igiyar ba ta girma. Ban da waya, ban da zarge.

4. Abinci

Cikin kwikwiyo ƙarami ne, don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa:

Wata 2 zuwa 3: sau 4 a yini.
Wata 3 zuwa 6: sau 3 a yini.
Bayan wata 6: sau 2, safe da maraice.

Kunun hatsi, tuwo da aka dama da ruwa, da fura marar yaji duk suna yi. Amma hatsi kaɗai ba ya gina ƙashi da nama. A haɗa masa da nono, ko dafaffen wake da aka murje, ko dafaffen ƙwai, ko garin busasshen kifi, ko ɗan dafaffen nama idan an yi yanka. Makiyaya sun daɗe suna renon karnukansu da hatsi da nono. Madarar shanu ɗanya takan sa wasu zawo, nono mai tsami ya fi zama musu a ciki. Abin da ya rage a kasko a zubar, kada ya kwana. Ruwa kuwa kada ya yanke dare da rana.

Abubuwan da ba a ba shi: albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare, goro da ganyen shayi, miya mai barkono da gishiri da yawa, dafaffen ƙashin kaza ko na zabo, wanda ke tsagewa ya soke hanji, mushe kowane iri.

Akwai abu guda da ya shafi garkenka kai tsaye. Wani lokaci mahauci yakan tarar da ƙunshin ruwa a hanta ko huhun tunkiya, ya yanke ya jefa wa kare. Ƙunshin nan ƴaƴan tsutsa ne. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashinsa ya watsu a ciyawa, bisashe su sake ci, mutum ma yana iya kamuwa ta hannu marar wanki. Haka ma kan tunkiyar da ta yi ciwon juwa, mai sa ta riƙa zagaye wuri ɗaya: idan kare ya ci ƙwaƙwalwarta ɗanya, ciwon zai dawo cikin garke. Irin waɗannan a ƙone su ko a binne su da zurfi.

5. Horo

Daga mako 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ke sanin nasa da wanda ba nasa ba. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci ba zai ji tsoronsa ba, ba kuma zai far masa ba idan ya girma. Tunda a mako na 8 ya zo hannunka, kusan wata ɗaya ne ya rage maka. Cikin watan nan ya ga duk mutanen gida, ya ga jaki, raƙumi, kaji da zabi, ya ji ƙarar babur da ta injin niƙa, kana kusa da shi.

Wanda zai bi garke ya zauna cikin ƴan tumaki daga mako 8 har zuwa 16. A yi masa ɗan lungu da ƙirare inda zai shige idan uwar garke ta kawo masa tunkuyi. A nan za a kai masa abinci, kada yara su riƙa ɗauko shi zuwa tsakar gida, in ba haka ba zai fi son gindin murhu da bin dabbobi. Kada a tura shi kiwo mai nisa kafin ya yi wata shida, kuma ya fi kyau ya fara bin babban kare mai hankali. Duk ranar da ya dawo daga daji a duba tsakanin yatsunsa, a cire ƙarangiya da tsidau.

A sa masa suna gajere, kowa ya kira shi da shi. Kalmomi huɗu sun isa farawa: zo, bari, kwanta, koma. Idan maigida ya ce “bari”, uwargida ta ce “kai”, yara kuma suna dariya, kwikwiyo ba zai san wadda zai bi ba. Ya yi daidai, a ba shi ɗan loma nan take, a shafa kansa. Ya yi kuskure, a tsawata masa lokacin da yake cikin yi. In ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, saboda haka ranar da ya fara zuba wa ɗan tsako ido yana laɓaɓawa, ranar ce ta cewa “bari”, ba sai ya kashe ba. Dukan da aka yi masa bayan awa ɗaya bai san na mene ne ba. Kuma kada a kira shi da “zo” sannan a buge shi, gobe ba zai zo ba.

Kwikwiyo yana kashi da fitsari da zarar ya tashi barci ko ya gama ci. A lokutan nan a kai shi wuri ɗaya bayan gida, cikin ƴan kwanaki zai riƙa zuwa da kansa. A binne kashin, kada ya zauna inda yara ke rarrafe.

Daga wata 3 zuwa 7 haƙoran nono 28 suna zuba, na girma 42 su fito. Dasashi yana masa ƙaiƙayi, shi ya sa yake tauna takalmi da igiyar guga. A ba shi guntun busasshiyar fata ya yi ta fama. Yanke kunne ko wutsiya ba ya ƙara wa kare zafin nama ko ji, ciwo ne kawai da ƙuda za su bi.

Yara su san doka uku: ba a taɓa kare yana ci ko yana barci, ba a jifarsa ko jan wutsiyarsa, an yi wasa da shi, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

6. Tsutsa, kaska da allura

Kwiyakwiyi da yawa da tsutsar ciki ake haihuwarsu, daga uwa suke samu. Alamarta ƙaton ciki, rama da gashi a tsaye. Ana ba da magani kowane mako 2 har ya kai wata 3, sannan kowane wata har wata 6, daga nan kowane wata 3. Nauyinsa ne ke nuna yawan maganin. Kaska ana cire ta da hannu, a kama daf da fata a ja a hankali, a jefa a wuta. Kada a wanke kwikwiyo da maganin feshin gona ko na wankan shanu, kada kuma a ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane, suna iya kashe shi. Idan ya kama amai da zawo mai jini, a ware shi a nemi taimako a ranar.

Taimakon ba nisa yake ba. A Dakoro aka fara tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda ake kira SVPP, a shekarar 2003, tare da mataimakan kiwo da ke zaune a ƙauyuka. Akwai kuma ma'aikatan kiwo na gwamnati.

Hira a bakin kasuwa

Wani dattijo ya tarar da malamin dabbobi ranar kasuwa.

“Salamu alaikum, Malam. Ina gajiya?”

“Amin, alaikumus salam, Baba. Ba gajiya. Ina bisashe?”

“Lafiya lau. Kwikwiyo na samo, watansa biyu. Yarana sun ce wai shi ma allura ake yi masa kamar shanu.”

“Gaskiya suka faɗa, Baba. In ya cika wata uku a kawo shi a yi masa ta haukan kare, sannan a sake kowace shekara.”

“To ai lafiyarsa ƙalau, Malam.”

“Mai lafiya ake yi wa. In ciwon ya bayyana babu sauran magani, ga kare ko ga mutum. Kuma ba don shi kaɗai ba ne, don jikokinka ne da ke wasa da shi.”

“Haka ne. In Allah ya kai mu, zan aiko da shi.”

“Allah ya kai mu. A riƙe takardar da za a ba ku, ita ce shaida in ya taɓa cizon wani.”

7. Idan kare ya ciji mutum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Tana shiga ta cizo, ta yakushi, ko ta lasar wurin da ke da rauni, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci wata 2 zuwa 3 take ɗauka, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane: rauni ya warke, a manta, sai ciwo ya tashi.

Jinkirin kuma shi ne ke ba da damar ceto. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Ana tunawa da yaƙi da wannan ciwo kowace 28 ga Satumba. Ga abin yi:

1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa, har minti 15.
2. Kada a sa barkono, toka, ƙasa ko gashin karen. Kada a ɗaure wurin tamau.
3. A kai mutumin asibiti (CSI) mafi kusa a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Idan babu allurar a nan, za su faɗi inda za a je.
4. A cika alluran duka a ranakun da likita ya sa.
5. Idan an san karen, a tsare shi mako biyu ana ba shi ci da sha, a sanar da malamin dabbobi. Karen da cutar ta kai yawunsa yakan nuna ciwo ko ya mutu cikin kwana 10. Amma kada a jira wannan kafin a je asibiti.

Alamun mahaukacin kare: canjin hali farat ɗaya, dalalar yawu, canjin murya, cizon itace da dutse, yawo ba dalili, ko kuma shanyewar muƙamuƙi da ƙafafun baya. Kada a sa hannu a bakinsa da zaton ƙashi ne ya maƙale. Saniya, jaki, raƙumi da akuya su ma suna kamuwa idan ya cije su, don haka a gaya wa malamin dabbobi.

Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Allurar karenka kaɗai ba ta isa ba sai maƙwabta sun yi wa nasu, shi ya sa maganar ta cancanci a kai ta gaban mai gari.

Tambayoyi

1. Don me ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8?
2. Kawo alamu uku na kwikwiyo mai lafiya.
3. Me zai faru idan aka jefa wa kare hanta mai ƙunshin ruwa?
4. A wace shekara aka fara tsarin SVPP a Dakoro?
5. Kare ya ciji yaro a gona. Faɗi abin yi ɗaya bayan ɗaya.

Lissafi

1. An haifi kwikwiyo ranar 1 ga Nuwamba. Wace rana zai cika mako 8? A wane wata za a yi masa allurar haukan kare?
2. Kwikwiyo yana ci sau 4 a yini. Sau nawa zai ci a mako 2?
3. A wani ƙauye akwai karnuka 60. Nawa ya kamata a yi wa allura don a kai 7 cikin 10?

Rubutu

Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga malamin dabbobi. Faɗi watannin kwikwiyonka, ka nemi ranar da za a yi masa allura.

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya ƙirga karnukan unguwarsa: nawa ke da mai su, nawa aka yi wa allura a bana. Ku kawo adadin a zama na gaba, a haɗa shi a takarda ɗaya, a zaɓi mutum biyu su kai wa mai gari da malamin dabbobi don a tsayar da ranar allura.